Leo Baeck, Malamin da Ya Ƙi Barin Jama'arsa

A shekarar 1897 Yahudawan Oppeln suka yi sabon malami. Oppeln madaidaicin gari ne a bakin kogin Oder, a yankin Silesiya, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Jamus. Yau yana cikin Folan, ana kiransa Opole. Wanda suka ɗauka saurayi ne ɗan shekara 24, ko aure bai yi ba, sunansa Leo Baeck. Takardu biyu ya zo da su, ɗaya ta digirin dakta daga Jami'ar Berlin, ɗaya ta izinin malanta. Daga wannan shekara har 1945 sana'arsa ba ta canza ba, shi rabbi ne na jama'a. Garuruwan ne suka yi ta canzawa, na ƙarshensu kuwa kurkuku ne da aka yi wa sunan gari.

Sai an san aikin kafin a fahimci mutumin. Rabbi ba firist ba ne, ba ya kuma shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa. Tun da Rumawa suka rushe babban Haikalin Yahudawa a Ƙudus a shekara ta 70 miladiyya, hadaya ta tsaya, jagorancin addini ya koma hannun masu karatu. Wanda ya ƙware a Attaura da Talmud, wato tarin muhawarar malaman farko kan shari'a, sai malaminsa ya ba shi izinin da suke kira semika, kusan irin ijazar da ɗalibi ke karɓa a zauren malaminsa a Kano ko Zariya. Da izinin nan yake yanke hukunci: wane nama ya halatta, wane aure ya ɗauru, wane saki ya saku, wa ke da gaskiya tsakanin 'yan kasuwa biyu. Jan addu'a ba lalle sai shi ba. Akwai mai rera ta da ake kira hazzan, kuma duk baligin da ya iya yana iya wucewa gaba. Shekaru aru-aru rabbi alƙali ne kuma mai ba da karatu, huɗuba kuwa a wurare da yawa sau biyu kacal yake yi a shekara.

Jamus ta ƙarni na 19 ce ta sake wa aikin fasali. Da Yahudawa suka samu 'yancin zama cikakkun 'yan ƙasa, ta dokar 1869 wadda ta game dukan daular a 1871, shari'ar dukiya ta riga ta koma kotunan gwamnati, alƙalancin rabbi ya ragu ƙwarai. Jama'a kuma ta yi boko. Tana son malamin da zai hau mumbari kowace Asabar ya yi magana da tataccen Jamusanci, wanda ba za ta ji kunyarsa a gaban fastan gari ba. Sai aka buɗe makarantun horar da malamai: ta Breslau a 1854 mai bin matsakaiciyar hanya, ta Berlin a 1872 mai sassaucin ra'ayi, da ta masu tsananin riƙo da al'ada, ita ma a Berlin, a 1873. Ɗalibi yana zuwa ɗayansu, yana kuma zuwa jami'a. A Furusiya, babbar jihar Jamus, dokar 1847 ta wajabta wa kowane Bayahude zama cikin jama'ar garinsu, ta kuma ba jama'ar ikon karɓar haraji. Daga harajin ake biyan rabbi, kwamitin attajirai da lauyoyi ne ke ɗaukarsa, shi ne kuma ke iya sallamarsa. Ma'aikaci ne mai albashi. A riƙe wannan, domin girman da Baeck ya samu daga baya ba kujerar ce ta ba shi ba.

An haife shi ranar 23 ga Mayu 1873 a Lissa, cikin lardin Posen, inda Jamusawa da 'yan Folan da Yahudawa ke zaune gari ɗaya. Mahaifinsa, Samuel Baeck, shi ne rabbin garin, kuma ya rubuta littafi kan tarihin Yahudawa da adabinsu. Gidan malamai ne kaka da kakanni. A wurin mahaifinsa ya koyi Talmud, a sakandaren gari ya koyi Girkanci da Latin. A 1891 ya tafi makarantar Breslau, a 1894 ya bar ta ya koma ta Berlin mai sassauci. A jami'a ya zauna gaban masanin falsafa Wilhelm Dilthey, ya gama digirinsa a 1895 da bincike kan tasirin farko da falsafar Spinoza ta yi a Jamus. Ya shiga ɓangaren masu sassauci, amma har ya mutu yana kiyaye dokokin abinci da alfarmar Asabar. Shi ya sa kowane ɓangare ke iya zama da shi.

Shekara goma ya yi a Oppeln, kuma a nan ya koyi ainihin sana'ar: huɗubar Asabar, koyar da yara addini, ɗaurin aure, duba marasa lafiya, raka gawa maƙabarta. A 1899 ya auri Natalie Hamburger, jikar malamin da ya gada, Adolf Wiener. Shekara guda bayan haka suka haifi 'yarsu tilo, Ruth. Tun a shekarun farkon nan halinsa ya bayyana. Lokacin da Theodor Herzl ya kira taron farko na ƙungiyar Sahyoniya a 1897, shugabannin ƙungiyar malaman Yahudawan Jamus suka fitar da sanarwar yin tir da shi, har aka ɗauke taron daga Munich zuwa Basel. Da aka kawo sanarwar gaban babban taron malamai don a amince da ita, mutum biyu ne kawai suka ƙi, Baeck na cikinsu, kuma yana cikin mafi ƙanƙantar shekaru a wurin. Shi ba ɗan ƙungiyar Sahyoniya ba ne, bai kuma taɓa zama ba. Abin da ya ƙi shi ne malamai su taru su nuna wani sashe na jama'arsu da yatsa a gaban duniya.

Sunansa ya fita ne saboda wani littafi. A sanyin 1899 zuwa 1900, Adolf Harnack, babban masanin tauhidin Furotesta a Jami'ar Berlin, ya gabatar da laccoci 16 kan ainihin Kiristanci, aka buga su suka bazu ko'ina. A cikinsu ya siffanta Yahudanci na zamanin Annabi Isa a matsayin busasshen addinin dokoki, duhun da saƙon Isa ya zo ya yaye. Malamin ƙaramin gari, ɗan shekara 28, ya mayar masa da martani a 1901, ya ce farfesan bai karanta littattafan malaman da yake kushewa ba, kuma ba za a gane Annabi Isa ba sai an gan shi a cikin mutanensa, Bayahude mai magana da Yahudawa. Daga martanin nan littafinsa na 1905 ya fito, Das Wesen des Judentums, wato ainihin Yahudanci. Jigon littafin shi ne cewa addinin nan na aiki ne: Allah ɗaya ne, ya yi umarni, kuma mutum yana kusantarsa ta hanyar aikata daidai ga ɗan'uwansa, ba ta hanyar furta aƙida kawai ba. A bugu na biyu, na 1922, ya faɗaɗa shi sosai, ya ƙara wa umarnin abokin tafiya, wato gaibun da hankali ba ya kaiwa gare shi. Wanda ya ga yaƙi ne ya yi wannan ƙarin.

Daga 1907 zuwa 1912 yana Düsseldorf. Sai Berlin ta kira shi, a shekarar da aka buɗe katafariyar majami'ar titin Fasanen. Jama'ar Berlin ita ce mafi girma a ƙasar, kuma malamanta ba su da majami'a ɗaya tasu, kwamiti ne ke juya su daga wannan mumbari zuwa wancan. Baeck ba mai wa'azin da ke girgiza zukata ba ne. Waɗanda suka saurare shi sun ce huɗubarsa tana da wuyar bi, ba ya ɗaga murya, ba ya sa kansa cikin zance. Tun 1913 kuma ya fara koyarwa a makarantar da ta horar da shi, yana koya wa ɗalibai tafsirin malaman farko da yadda ake huɗuba, aikin da ya riƙe kusan shekara 30.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 ya ba da kansa a matsayin malamin sojoji, ya yi aiki a fagen yamma sannan a na gabas har ƙarshen yaƙin. Yahudawan Jamus kimanin 100,000 ne suka sa kaki, kusan 12,000 suka mutu. Duk da haka a 1916 ma'aikatar yaƙi ta sa a ƙidaya Yahudawan da ke cikin soja, saboda zargin wai suna gudun fagen daga. Baeck yana can yana binne su lokacin da ake ƙidayar. A gabas kuma ya haɗu da Yahudawan Folan da Lituweniya, talakawa masu riƙo da karatu, waɗanda 'yan'uwansu na Berlin suka saba yi wa kallon ƙauyawa.

Bayan yaƙin muƙamai suka yi ta zuwa masa. A 1922 ya zama shugaban ƙungiyar malaman Yahudawan Jamus baki ɗaya, wadda ta haɗa masu sassauci da masu tsauri. A 1924 ya zama shugaban reshen Jamus na ƙungiyar Yahudawa ta B'nai B'rith, ya kuma jagoranci hukumar jin ƙai ta Yahudawan ƙasar. Dalilin zaɓensa kusan ɗaya ne kullum: in ɓangarori sun kasa yarda da juna, sukan yarda da shi. Da tarihi ya tafi salin-alin, da a nan labarinsa zai ƙare, dattijon malami mai littattafai da kujeru, ya yi ritaya cikin mutunci.

Hitila ya hau mulki a watan Janairu 1933, Baeck yana gab da cika shekara 60. Yahudawan Jamus a lokacin sun kai kusan rabin miliyan, ba su kai ɗaya cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba, kuma kashi ɗaya cikin uku nasu a Berlin suke. Ranar 1 ga Afrilu aka ƙaurace wa shagunansu, kwanaki kaɗan bayan haka doka ta kore su daga aikin gwamnati. Ba su da wata hukuma guda da ke magana da yawunsu duka, domin rarrabuwarsu ta yi yawa. A watan Satumba 1933 suka kafa majalisar wakilan Yahudawan Jamus, Reichsvertretung, suka ɗora Baeck a kai, lauya Otto Hirsch na Stuttgart kuma ya riƙe gudanarwa. Aikin majalisar ba na siyasa ba ne, don babu siyasar da ta rage musu. Makarantu ta buɗe wa yaran da aka kora. Lauyoyi da 'yan kasuwa ta koya wa noma da kafinta da ƙira, sana'o'in da wata ƙasa za ta iya karɓar mutum saboda su. Ta ciyar da waɗanda aka raba da abincinsu, ta yi ta bin ofisoshin jakadanci neman biza. Tun da wuri Baeck ya gane cewa matasa su fita shi ne mafita, ya kuma faɗa.

A watan Satumba 1935 aka kafa dokokin Nuremberg, waɗanda suka ƙwace wa Yahudawa cikakken matsayin ɗan ƙasa, suka haramta aure tsakaninsu da sauran Jamusawa. Makonni uku bayan haka Ranar Kaffara ta zo, ranar azumi mafi girma a shekararsu. Baeck ya rubuta addu'a ya aika a karanta a dukan majami'un ƙasar a daren shiga azumin. Abin da ta ƙunsa shi ne: jama'a ta amsa zunubanta a gaban Allah, amma ta ƙaryata ƙazafin da ake yi mata da addininta, ga Allah take sunkuyawa, a gaban mutane kuwa a tsaye take. 'Yan sandan Gestapo suka hana karanta ta, suka tsare shi, suka tsare Hirsch. Ba wannan ne karo na ƙarshe da suka kama shi ba. A ganina a wannan takarda malamin jama'a ya yi abin da shugaban ofis ba zai iya ba. Mutanen da ake gaya wa kullum a rediyo da jarida cewa su ƙazanta ne, sun bukaci wani ya gaya musu a wurin ibadarsu cewa ƙarya ne.

Matarsa ta rasu a 1937. A daren 9 zuwa 10 ga Nuwamba 1938 aka ƙone majami'u a faɗin ƙasar, har da ta titin Fasanen, aka farfasa shaguna, aka kwashe maza kimanin 30,000 zuwa sansanonin gwale-gwale. Daga nan kowa ya san zama ya ƙare. Ingila ta buɗe ƙofa ga yara, kusan 10,000 suka shiga ba tare da iyayensu ba. 'Yar Baeck da mijinta da jikarsa suka koma Landan. Shi ma an yi masa tayin aiki a Ingila da Amurka. A 1939 ya raka wani rukunin yara zuwa Ingila, aka roƙe shi ya zauna, ya juya ya koma Berlin. An ruwaito cewa ya ce ba zai tafi ba muddin akwai sauran mutum goma, wato adadin da addu'ar jam'i ke tsayuwa da shi a addininsu.

Ba daidai ba ne a ɗauki wannan a mayar da shi sandar dukan malaman da suka fita. Da yawansu daga sansani aka sako su bisa sharaɗin su bar ƙasar, wasu suna da ƙananan yara, wasu kuma jama'arsu ce ta riga su fita suka bi ta. Joachim Prinz, matashin malamin Berlin mai zafin harshe, ya bar ƙasar a 1937, ya zama rabbi a Newark, har ya tsaya ya yi jawabi a babban gangamin Washington na 1963 dab da Martin Luther King. Rayuwarsa ta yi amfani. Sai dai fiye da rabin Yahudawan Jamus ne suka samu fita, kuma waɗanda suka rage yawancinsu tsofaffi ne da matalauta da waɗanda babu ƙasar da ke so. Su ma jama'a ne, suna da gawa da za a binne, suna da tsoron da za a saurara. Baeck ya ga cewa an ɗauke shi aiki ne dominsu, ba sai lokacin daɗi kawai ba.

Zaman nan yana da tsada, kuma ba shi kaɗai ya biya ba. A watan Yuli 1939 gwamnati ta mayar da majalisar ƙungiyar dole, Reichsvereinigung, a ƙarƙashin ikon Gestapo. Baeck ya ci gaba da zama shugabanta. An kama Otto Hirsch, aka kashe shi a sansanin Mauthausen a 1941. A watan Satumba na shekarar aka tilasta wa Yahudawa liƙa tauraro mai ruwan ɗorawa a ƙirji, a Oktoba aka rufe ƙofar hijira, jiragen ƙasa suka fara kwasar mutane daga Berlin zuwa gabas. Rajistar da aka tara don rabon abinci da neman biza, da ita hukuma ta yi aiki. Da aka bukaci ma'aikatan jama'a su taimaka wajen fito da mutane daga gidajensu, Baeck ya yarda, bisa tunanin cewa ɗan'uwa zai fi ɗan sanda tausayi, kuma ƙin yarda ba zai tsayar da jirgi ko ɗaya ba. Shi da kansa ya faɗi haka bayan yaƙi. Cikin wannan hali bai daina koyarwa ba, har aka rufe makarantar malamai a 1942, ɗalibai 'yan ƙalilan ne suka rage a gabansa.

A ƙarshen Janairu 1943 aka zo kansa. Yana da shekara 69 aka kai shi Theresienstadt, tsohon garin sojoji mai ganuwa, kimanin kilomita 60 arewa da Prag. Kafin yaƙi mutanen garin kimanin 7,000 ne. A kakar 1942 an cusa kusan 58,000. 'Yan Nazi suna nuna shi ga duniya a matsayin garin hutun tsofaffin Yahudawa, har suka yi masa kwalliya suka zagaya da wakilan Red Cross a ranar 23 ga Yuni 1944. Gaskiyar lissafin ita ce: kimanin mutum 140,000 aka kai can, kusan 33,000 suka mutu a ciki da yunwa da cuta, kimanin 88,000 aka wuce da su gabas, yawancinsu Auschwitz. 'Yan'uwan Baeck mata huɗu a Theresienstadt suka mutu.

Da farko amalanken shara aka ba shi yana ja. Daga baya aka sa shi cikin waɗanda ake kira manya, aka ɗauke masa aikin ƙarfi, ya samu ɗan sauƙin wurin kwana, kuma bai kamata a ɓoye cewa wannan gata yana cikin abin da ya raya shi ba. Abin da ya yi da gatan shi ne aikin Oppeln: ya duba marasa lafiya, ya tsaya a kan gawarwaki, ya saurari masu kuka. Da dare kuma yana ba da lacca a ɗakunan da ke ƙarƙashin rufin bariki, cikin sanyi da duhu, ɗaruruwan mutane a tsaye. Ba shi da littafi, daga ka yake karantarwa. Ya yi magana kan Aflatun, kan Spinoza da Kant, kan Musa bin Maimun, malamin nan haifaffen Kurɗuba da ya zauna a Masar ya rubuta wasu daga cikin manyan littattafansa da Larabci. Mai tambaya zai ce me falsafa za ta yi wa mai jin yunwa. Waɗanda suka tsira sun ba da amsa: na awa guda mutum yakan tuna shi ɗalibi ne, ba lamba ba. A kan 'yan guntayen takardu kuma ya ci gaba da rubuta littafin da ya fara a Berlin, wanda ya fito bayan yaƙi da sunan Dieses Volk, wato wannan al'umma.

A nan ne kuma abin da ya fi nauyi a tarihinsa ya faru. A 1943 wani ɗan sansani ya zo masa a asirce da labari daga wanda ya tsere daga Auschwitz: ana kashe mutane da iskar guba. Baeck ya yanke shawarar ba zai gaya wa kowa ba. Hujjarsa, kamar yadda ya bayyana ta a wani littafin shaidu da Eric Boehm ya fitar a 1949, ita ce zaman jiran irin wannan mutuwa zai ninka azabar rayuwa, kuma ba kowa ake kashewa nan take ba, ana ware wasu don aiki. Tausayi ne ya sa shi, babu shakka. Amma sakamakon ya haɗa da cewa wasu sun nemi da kansu a sa su cikin jirgi don su bi miji ko uwa ko ɗa, ba su san inda za su ba. A wata guda kawai, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Oktoba 1944, an kwashe fiye da mutum 18,000.

Marubuciya Hannah Arendt ta soke shi da zafi a littafinta na 1963 kan shari'ar Eichmann, jami'in Nazi, tare da sauran shugabannin Yahudawa da suka yi aiki ƙarƙashin 'yan Nazi. Ta yi tsanani fiye da kima, domin ta auna mutumin da wuƙa ke wuyansa da ma'aunin mai 'yanci. Duk da haka a kan shirun nan ina ganin Baeck ya yi kuskure. Babu inda 'yan sansanin za su gudu, gaskiya ne, kuma wataƙila da yawa ba za su yarda da labarin ba. Amma ran mutum nasa ne, kuma matar da za ta bi mijinta tana da haƙƙin ta san abin da take zaɓa. Malamin da ya rubuta a 1935 cewa jama'arsa a tsaye take a gaban mutane, a 1943 ya yanke cewa ba za ta iya ɗaukar gaskiya ba. Ƙaunar da ta hana shi tafiya Landan ita ce ta rufe masa baki, kuma ina girmama ta a wurin farko, ina baƙin cikinta a na biyu.

Akwai wani shirun kuma. Regina Jonas ɗalibarsa ce a Berlin, ita ce mace ta farko da aka ba izinin zama rabbi, a 1935, daga hannun rabbi Max Dienemann na Offenbach, bayan makarantar ta ƙi ba ta. Baeck bai ba ta izinin da kansa ba, don gudun ɓaraka da masu tsauri a lokacin da yake ƙoƙarin haɗa kan kowa. Ita ma an kai ta Theresienstadt, tana tarbar sababbin zuwa tana kwantar musu da hankali, tana wa'azi, har aka wuce da ita Auschwitz a Oktoba 1944 aka kashe ta. Bayan yaƙi sunanta ya ɓace daga bakin waɗanda suka san ta, har da shi, sai a farkon shekarun 1990 aka gano takardunta a wani ma'ajin tarihi a gabashin Berlin.

Sojojin Tarayyar Sobiyet sun isa Theresienstadt ranar 8 ga Mayu 1945. Sun tarar da annobar taifus, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, wadda ta shigo tare da dubban fursunonin da aka koro daga wasu sansanoni. Baeck bai tafi nan take ba, ya tsaya tare da marasa lafiya sai a watan Yuli ya isa Landan wurin 'yarsa. Yana da shekara 72, kuma jama'ar da ya yi wa hidima ta watse ko ta mutu. Ya faɗa a fili cewa zamanin Yahudawa a Jamus ya ƙare. Amma bai ɗora laifi a kan kowane Bajamushe ba, ya kuma koma ƙasar ziyara tun 1948 yana ba da laccoci.

Sauran shekarunsa na koyarwa ne. Ya shugabanci ƙungiyar duniya ta Yahudawa masu sassauci, daga 1948 kuma yana zuwa Cincinnati a Amurka yana karantar da masu shirin zama malamai a Hebrew Union College. A watan Afrilu 1948, yaƙi na ƙara ruruwa a Falasɗinu, shi da Albert Einstein suka sa hannu a wata wasiƙa a jaridar New York Times, suna gargaɗi kan masu tsattsauran ra'ayi na ɓangarorin biyu, suna kiran Yahudawa su nemi zama da Larabawa bisa amfanin kowa. Ba a saurare su ba. A 1955 aka kafa cibiyar binciken tarihin Yahudawan Jamus da sunansa, mai rassa a Ƙudus da Landan da New York. Ya rasu a Landan ranar 2 ga Nuwamba 1956, yana da shekara 83, aka binne shi a Golders Green.

A shekarar da ya rasu, tsohon ɗalibinsa na Berlin, Werner van der Zyl, ya buɗe ƙaramar makarantar horar da malamai a Landan don ta gaji wadda aka rufe a 1942, aka sa mata suna Leo Baeck College. Ita ce ta ba Jackie Tabick izini a 1975, mace ta farko da ta zama rabbi a Birtaniya, shekara 40 bayan Regina Jonas. A Jamus kuwa sai da aka jira har Satumba 2006 kafin a sake bikin ba da izinin malanta, a majami'ar Dresden, inda mutum uku da aka horar a Kwalejin Abraham Geiger ta Potsdam suka karɓa. Yawancin jama'ar da ke cika majami'un Jamus a lokacin ba jikokin mutanen Baeck ba ne, baƙi ne da suka zo daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet bayan 1990.